Yadda Sauro Yake Samunmu Cikin Duhu

Sauro ba ya bukatar fitila. Macen sauro, wadda ita ce mai cizo, tana bin iskar numfashinmu da warin guminmu har ta same mu. A shekarar 2005 masu bincike a yammacin Kenya suka gano cewa yara masu ɗauke da ƙwayar maleriya, a matakin da take yaɗuwa, suna jawo sauro kusan ninki biyu na sauran yara. Ashe ƙwayar kan sauya warin jiki domin ta sami mai kai ta gaba. Saboda haka, ɗalibai, mai zazzaɓi ya je asibiti da wuri, ya shanye maganinsa duka, ya kwana cikin gidan sauro. Ta haka zai kare kansa, ya kuma kare 'yan ɗakinsu.