Dajin Rugu da Makomar Sana'o'in Hannu a Batsari da Safana

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi alaƙar fasahar gargajiya da muhalli a ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Masassaƙi na buƙatar itacen ƙirya domin turmi, maƙeri gawayinta, masaƙin tabarma kuwa kabar goruba. Saran itatuwa da rashin tsaro a Dajin Rugu sun toshe musu hanyar samun waɗannan albarkatu. Gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina kuwa yana birni, nesa da masu sana'ar. Muƙalar ta shawarci Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar da ta riƙa kai baje-koli kasuwannin ƙauye, ta dama da mata da makiyaya, ta haɗa koyon sana'a da dashen itatuwa. Adana turmi bai wadatar ba, matuƙar ƙirya na ƙarewa.