Matafiyi Da Mashayar Ɓoye

Wani ɗan'uwa ya aiko mana da takarda, ya ce ya tafi taro birnin Niyok na ƙasar Amurka, sai abokan aikinsa suka gayyace shi wani gidan shaye-shaye da ba shi da alama a ƙofa. Ya ce shi lemo kaɗai ya sha, yana tambaya ko da laifi.

Kafin amsa, ya kamata mu san asalin irin wannan gida. A watan Janairu na 1920 Amurka ta soma aiki da dokar hana sarrafa giya da sayar da ita. Mutane ba su daina sha ba, sai mashaya suka koma ƙarƙashin ƙasa da bayan kantuna, ba a buɗe wa kowa sai wanda ya faɗi kalmar sirri. Ana kiran su "speakeasy", watau a yi magana ƙasa-ƙasa kada 'yan sanda su ji. Barasar da ake dafawa a ɓoye ba ta da kyau, har takan makantar ko ta kashe, don haka ake gauraya ta da ruwan 'ya'yan itace da sukari a ɓoye ɗacinta. 'Yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Shikago suka yi dukiya, hukuma ta gaji, ta soke dokar a watan Disamba na 1933. Gidajen yanzu kwaikwayo ne kurum, da lasisinsu. Akwai wanda aka buɗe a Niyok a 2007, ana shigarsa ta akwatin wayar tarho cikin wani shagon abinci. Ɓuyan ya zama tallar jawo baƙi.

To, a dubi Madina. Allah bai haramta giya rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. Sa'an nan Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ta yanke hukunci. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai suka ji mai shela. Aka umarce shi ya zubar, ya zubar, giya ta malala a lungunan Madina. Nana A'isha ta bayyana dalili, cewa an fara saukar da ayoyin Aljanna da Wuta har imani ya zauna, kana halal da haram suka biyo. Amurka ta sa doka a takarda shekara 13, zukata kuwa ba a taɓa su ba.

Yanzu ga amsar malam mai tambaya. Lemon da ka sha halal ne, in dai ka tabbata ba a ɗiga masa barasa ba, kuma wannan ma da wuyar tabbatarwa a inda sana'arsu ke nan gauraya. Amma zaman shi ne matsala. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a kan teburin da ake zagayawa da giya. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mashaya, aka ce masa ɗayansu azumi yake yi, sai ya ce da shi za a fara bulala, ya kafa hujja da aya ta 140 ta Suratun Nisa'i.

Tafiya tana da sauƙinta a shari'a, matafiyi ya yi ƙasaru, ya sha azumi ya rama. Ba a sassauta masa komai ba game da giya. Sai dai mu bambanta. Wanda ke cikin jirgin sama, maƙwabcinsa ya karɓi kwalba, ko wanda bai sami wurin abinci ba sai hotal mai sayar da ita, lalura ce ta same shi, ya kau da kai, ya nemi teburinsa dabam. Mashayar ɓoye kuwa ba a faɗa mata bisa kuskure, sai an nemi ƙofa an ƙwanƙwasa.

Abin da ya wuce, ka nemi gafarar Allah, babu haddi a kanka tun da ba ka sha ba. In sun sake gayyatarka, ka gode musu, ka gaya musu dalilinka a fili, ka kira su shan shayi ko cin abincin rana a kuɗinka. Allah shi ne mafi sani.