Tausayi Da Sani: Hukuncin Taimaka Wa Ɗan Tsako Ya Fito Daga Ƙwai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, masu kiwon kaji da injin ƙyanƙyasa sukan tambaya: idan ɗan tsako ya huda ƙwai ya kāsa fitowa, shin ya halatta a sa masa hannu, ko kuwa yin haka shisshigi ne cikin ikon Allah?

Amsa ita ce, ceton rai ba shisshigi ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a halin tafiya, Manzon Allah (S.A.W.) ya ga yadda ta ɗimauce, ya umarce su da su mayar mata. Wanda ya tara ƙwai a inji kuwa ya tsaya a matsayin uwar kaza, amanarsu tana wuyansa.

Amma fa tausayin da babu sani a cikinsa yakan zama kisa. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa ne cikin kwana 21. Ɗan tsako yakan huda ɓawo ta wajen kai mai fāɗi, sa'an nan ya yi shiru na awa 12 har zuwa 24. Wannan shiru ba gazawa ba ne. A lokacin ne yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin ƙwai kuma suna bushewa. Wanda ya ɓare shi kafin wannan ya kammala, to, jini zai tsiyaye ya mutu, alhali da an bar shi da ya fito da kansa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka hakkin farko shi ne gyara injin: zafi wajen digiri 37.5, a daina juya ƙwai daga rana ta 18, a ƙara ruwa domin laima, kada kuma a yawaita buɗe murfi, musamman da hunturu, don iska mai bushewa tana sa tantani ya manne wa ɗan tsako.

Idan awa 24 ta wuce bayan hudawa, yana kuka, tantanin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, to, taimako ya wajaba. A wanke hannu, a yi bisimilla, a jiƙa tantanin da ruwan ɗumi ba tare da ya shiga hancinsa ba, a riƙa ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan. Da zarar an ga jini sai a tsaya, a mayar da shi inji na wasu awoyi. Kada a fizgo shi. A bar shi ya ƙarasa da ƙafafunsa.

A sani kuma, a mazhabar Malikiyya, baragurbi da ƙwan da ya zama jini ko ɗan tsako ya mutu a ciki najasa ne. Ba a ci, ba a sayar wa mai ci. Wanda ya taɓa jiki ko tufa sai a wanke kafin salla.

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa da sani, ɗan tsako ya mutu, babu laifi a kansa, domin rai na Allah ne. Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan bayinSa, amin.