Darasi kan haƙƙin maƙwabtaka: gidan manomi da rugar makiyayi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i Allah Maɗaukaki Ya yi umurni da a kyautata wa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa. Malaman tafsiri sun ce na nesa ya ƙunshi wanda ba danginka ba ne. A karkararmu, sau da yawa wannan maƙwabcin shi ne Bafillacen da rugarsa take bakin gonarka.

Mu dubi yadda irin waɗannan gidaje biyu suka gaji zama. Idan an kai dammunan hatsi rumbu, manomi ya kira makiyayi ya sauke garke a gonarsa. Shanu su ci kara, su bar taki, shi kuma ya auna masa hatsi da tiya. Matar ruga ta kawo nono da man shanu, uwargida ta ba ta gero. Da damina manomi ya danƙa masa amanar ƴan dabbobinsa a haura da su arewa, ba takarda ba shaida. Ranar suna ko jana'iza kuwa ba a jiran gayyata. Dattawanmu suna tuna yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, lokacin da garkuna suka ƙare, aka ga gidajen da suka raba ɗan abin da ya saura a rumbu da maƙwabtansu na ruga.

Sai dai abota ba ta hana saniya shiga gona, kuma a nan ne ake gane zumuncin gaskiya. Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ba mu labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, kan tumakin da suka yi ɓarna da dare. A mazhabarmu ta Imamu Maliku, kamar yadda ya zo a Risala da Mukhtasar, ɓarnar dare tana kan mai dabba, ko da ta fi kuɗin dabbar. Ta rana ba ta kansa idan an sake su nesa da gonaki ba tare da makiyayi ba. In kuwa ba haka ba, akwai biya. Shukar da ba ta nuna ba, ana ƙimanta ta tsakanin fatan ta yi kyau da tsoron ta lalace. Ba a ce mai gona ya sari dabba ba, balle mai ita.

Manomi ma yana da nasa nauyin. Wanda ya nome burtali ko ya tare hanyar rijiya, shi ya fara zalunci, ko da yana sahun farko a masallaci. Mun ga inda son zuciya ya kai mu a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara.

Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, kuma sulhu yana farawa ne gaban maigari. Idan ɓarna ta auku, a kira dattawa adilai daga gidajen biyu su je gonar da sassafe, tun sawun dabbobi bai ɓace ba, su ƙimanta. In mai gona ya yafe wani abu daga haƙƙinsa, a faɗa gaban shaidu, don kada ƴaƴa su tayar da maganar bayan iyaye.

Allah ne Mafi sani.