Bututu a Cikin Kankare: Me Ya Sa Kwamfuta Ba Ta Ganin Ramin?

TAMBAYA: Ni ɗan Kurfi ne, ina karatu a Dutsin-Ma, ina kuma koyon zane da AutoCAD. Na zana curin kankare mai mita 1 ta kowane ɓangare, na ratsa bututun ƙarfe ta tsakiyarsa. A allo ya yi kyau, amma da na nemi yawan kankaren sai ya fito cif, kamar babu komai a ciki. Da na cire bututun kuma sai ya ɓace ɗungurungum, ya bar wani guntun kankare a tsakiyar ramin. Kwamfutata ce ba ta da ƙarfi, ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Abu biyu ke damunka: lissafin da ya ƙi raguwa, da bututun da ya ɓace. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta lau, kai ma haka. Wanda ya tsaya ya duba lissafi, bai yarda da kyan allo kawai ba, ya riga ya kama hanyar aikin. Da yawa sai a wurin gini suke gano wannan, bayan an sayi siminti.

A duniya abu biyu ba sa zama a gurbi ɗaya. A cikin manhaja suna zama, ba ta kuma cewa uffan. Kowane jiki iyakarsa kaɗai ya sani. Kankaren bai san an saka masa bututu ba. Shi ya sa umarnin MASSPROP ya ba ka cikakken curi. Idan faɗin bututun santimita 30 ne, gurbin da ya ci ya kai kusan kashi 7 cikin 100 na curin. Curin kankare irin naka yana kai kilo 2,400, ka ga kusan kilo 170 ke nan aka ƙirga maka na abin da babu shi. A curi ɗaya ba wani abu ba ne, amma ka tuna da ayyuka irin na madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da ku, inda manyan bututai ke ratsa kankare.

Maganin shi ne kai ka haƙa ramin da kanka. Ka dubi injin buga bulo: ƙarafan da ke tsakiyarsa ne ke tare gurbi, idan an zare sai ramukan bulon su fito. Aikin SUBTRACT ke nan. Shi da 'yan uwansa UNION da INTERSECT sun samo asali daga lissafin George Boole, masanin Ingila da ya wallafa babban littafinsa a 1854. Sai dai AutoCAD yana cinye abin da ka yi cirewar da shi, nan bututunka ya tafi.

Batun guntun da ya rage shi ne na fi so ka riƙe. Bututu yana da rami a cikinsa. Da ka cire shi, naman ƙarfen kaɗai manhajar ta ɗebe, ta bar kankaren da ke cikin ramin, wato daidai inda ruwa zai bi. Don haka kada ka yi cirewar da bututun kansa. Ka zana sanda mulmulalliya marar rami, mai faɗin bayan bututun, ka bar ta ta ɗan zarce fuskar kankaren ta gaba da ta baya. Idan bakinta ya tsaya daidai da fuskar, wani lokaci aikin yakan ƙi, ko ya bar ɗan siririn ɓawo. Da ita za ka yi SUBTRACT, bututun kuwa yana nan a wurinsa, ba a taɓa shi ba. Kada kuma ka haɗa su da UNION don su zauna tare. Ƙarfe yana da nauyin kusan kilo 7,850 a curin da kankare ke da 2,400. In ka haɗe su, ka rasa lissafin kowanne.

Na san za ka tambayi rodi. Shi kam ban ba ka shawarar cire shi ɗaya bayan ɗaya ba. Masu ƙiyasin kayan gini ba sa rage kankare saboda rodi, kuma ramuka ɗaruruwa za su sa kwamfutarka jan ƙafa a banza. Ka zana shi a shimfiɗarsa daban don a ga inda ya bi.

Idan lasisin AutoCAD ya yi maka tsada, FreeCAD kyauta ce, kuma tana ɓoye jikin da aka yi cirewa da shi ne kawai, ba ta share shi.

In ka gama, a AutoCAD ka sa INTERFERE ya duba maka kankaren da bututun. In ramin ya fita daidai, ba zai sami inda suka shiga juna ba. Sannan ka tsaga kwafin zanen gida biyu da SLICE, ka leƙa cikin bututun da idonka. Allah Ya ba da sa'ar karatu, ɗana.