Tsohuwar Na'urar Sanyaya Ɗaki: A Gyara ko a Canza?

Kafin zafin bazara ya kankama a watan Maris, ka kira mai gyara ya duba na'urarka. Sau da yawa matsalar ƙarama ce: ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, kafasita ta mutu, ko gas ya tsiyaye ta wata 'yar kafa. Irin wannan a gyara kawai, amma a liƙe kafar kafin a ƙara gas, in ba haka ba an zuba ruwa a kwando.

Idan kwamfiresa ce ta ƙone, kuma na'urar ta haura shekara 10, lissafi ya sauya. Tsofaffi da yawa gas ɗin R22 suke amfani da shi, wanda ake janyewa a duniya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sababbi masu inbata ba sa shan wuta sosai, kuma janareto ko sola ya fi ɗaukar su cikin sauƙi.

In kuɗin gyara ya kai rabin farashin sabuwa, sayi sabuwa. Ka haɗa ta da sitabilaiza, domin raunin wutar lantarki na yawan kashe kwamfiresa.