Ɗana, bar wa kwamfuta lissafin kwanaki

Na duba ɗan shirin da ka rubuta don fitar da jerin ranakun shekara, wanda za ka gwada da fayilolin ajiya na kullum ka gano ranar da ba a yi ajiya ba. Niyyar ta yi kyau. Sai dai na ga ka zauna da kanka kana gaya wa kwamfuta cewa Afrilu kwana 30 ne, Mayu 31, Fabrairu 28. Ina so ka daina wannan wahala, domin akwai wanda ya riga ka yin ta, ya kuma fi ka sanin ramukan da ke hanyar.

A baƙin allon nan da muke rubuta umarni, Linux na zuwa da date, daga cikin kayan aikin GNU. Ka haɗa shi da seq, mai jero lambobi, magana ta ƙare:

for i in $(seq 0 364); do date -d "2025-01-01 +$i days" +%F; done

Zai fara da 2025-01-01, ya tafi kwana-kwana har 2025-12-31. Dubi dalilin farawa daga sifili: ranar farko ba a ƙara mata komai. Wanda ya fara daga 1 ya zubar da ranar 1 ga Janairu bai sani ba. Haka kuma lambar 364 ta shekara mai kwana 365 ce. Ka sa ta a 2024 ko 2028, jerin zai tsaya a 30 ga Disamba, ya bar maka kwana ɗaya a waje. Shi date ya san Fabrairun 2024 ta cika 29, ya san 2000 ma ta cika, 1900 kuwa ba ta cika ba, 2100 ma ba za ta cika ba, saboda shekarar da ke rufe ƙarni sai ta rabu da 400 daidai. Kada ka ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Excel har yau yana karɓar 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, don ya gaji abin daga Lotus 1-2-3.

Wannan %F ɗin ka riƙe shi da kyau. Shekara, wata, rana, bisa tsarin ISO 8601. In ka rubuta 03/04/2025, kai kana nufin 3 ga Afrilu, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris. Amma 2025-04-03 ba ta da fuska biyu, kuma fayilolin da aka sa wa suna da ita suna jeruwa da kansu daga tsoho zuwa sabo.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, domin nan ne ƙafa ke zamewa. Ƙara kwana ba shi da rikici, ƙara wata ne mai rikici. Ka ce wata ƙungiya na zubin adashe ranar ƙarshe ta kowane wata, aka ce ka fitar musu da ranakun zubi na shekara. Hannunka zai kai ga date -d "2025-01-31 +1 month". Me kake tsammani? Ba 28 ga Fabrairu zai ba ka ba, 3 ga Maris zai ba ka. Shi dai ya ƙara ɗaya a kan lambar wata, ya samu 31 ga Fabrairu, ya ga babu ita, sai ya zuba rarar kwana ukun cikin Maris, kamar mai awo da ya cika mudu ya bar tozon ya gangara kwanon gaba. Ba zai yi ƙorafi ba, ba zai nuna maka ja ba. Takardarka za ta fito tsaf, Fabrairu babu zubi, Maris zubi biyu, kuma wata baiwar Allah ce za ta je ta yi rigima da uwar adashe a kan kuskuren da ba nata ba. Maganin mai sauƙi ne. Ka lissafa daga ranar 1 ga watan gaba, ka ja baya da kwana ɗaya: date -d "2025-03-01 -1 day" +%F zai ba ka 2025-02-28. In kuma sunan wata kawai kake nema, ka tsaya a ranar 15, wadda kowane wata yake da ita. Littafin jagorar GNU ma abin da ya ba da shawara ke nan.

Na kuma ga samari suna mayar da rana daƙiƙoƙi su riƙa ƙara 86400. A nan gida ba ya cizo, tunda Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu duk shekara. To amma kwamfutar da kake haya a intanet tana iya kasancewa a kan agogon Jamus ko Amurka, inda ake yin rana mai awa 23 da mai awa 25. Ka sa wa date alamar -u ya yi lissafi da agogon UTC, ka huta.

In aikin jerin ranaku zai zama maka na yau da gobe, ka girka dateutils. A ciki akwai dateseq, wanda a Debian da Ubuntu ake kira dateutils.dseq. Ka ba shi farko da ƙarshe kawai, dateseq 2025-01-01 2025-03-31, babu seq, babu ƙirgen 364. Yana kuma tsallake ranakun da ka ce: ga ofis, --skip sat,sun, ga makarantar allo mai hutun Alhamis da Juma'a, --skip thu,fri. Ni na fi son sa, don mai karanta umarnin yana ganin nufinka nan take. Ka kuma sani date na macOS ba na GNU ba ne, shi -v+1d yake ji, saboda haka kada ka miƙa wa mai Mac shirinka ka ce ya tafi da shi haka.

Abu ɗaya ne kada ka ɗora wa waɗannan kayan. In aka ce ka fitar da ranakun azumi ko hutun Sallah, kwamfuta ƙiyasi kawai za ta iya. A Najeriya sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. Ka bar gurbin a buɗe, ka cike bayan sanarwa.

Kafin ka miƙa kowane jeri ga wanda zai dogara da shi, ka ƙirga layukansa da wc -l, ka dubi na farko da na ƙarshe, sannan ka leƙa ƙarshen Fabrairu da idonka. Ka gyara naka haka, ka turo mini in gani. Allah ya ƙara basira.